Da gaske mata sun fi maza yawa a Zariya?

A gidajen biki da majalisun bakin titi, daga Tudun Wada har Samaru, magana ɗaya ake maimaitawa: mata sun yi yawa, mijin aure ya yi wuya, saboda haka duk yarinyar da ta samu mai sonta ta riƙe shi hannu bibbiyu. Da wannan magana ake yanke hukunci a gidaje da dama, alhali alƙaluma ba su goyi bayanta ba. A ƙidayar jama'a ta 2006 an samu maza miliyan 71 da mata miliyan 69 a Najeriya, kuma a duniya baki ɗaya ana haihuwar maza kusan 105 a kan kowaɗanne mata 100.

Babu musu cewa rinjayen jinsi ɗaya yana sauya abin da mutane ke nema wajen aure. A ƙasar Sin, dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga wajajen 1980 zuwa 2015, ta haɗu da fifita ɗa namiji, har ƙidayar 2020 ta nuna maza sun zarce mata da kusan miliyan 35. Iyayen mata suka tsaurara sharuɗɗa, mallakar gida ta zama kusan wajibi, kuɗin aure ya yi tashin gwauron zabo, samarin karkara marasa hali suka tuzurta. A Tarayyar Sobiyet kuwa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙidayar 1959 ta samu mata sun fi maza da kusan miliyan 20, kuma mata masu yawa suka rayu ba miji. Jinsin da ya yi ƙaranci shi ke gindaya sharaɗi.

Ƙarancin da muke ji a Zariya na mazan da suka shirya ne, kuma yana da dalilai. Namiji a wajenmu yakan auri wadda ya girma da shekara takwas ko goma, kuma tun da jama'a na ƙaruwa da kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari a kowace shekara, 'yammata 'yan shekara ashirin dole su fi maza 'yan shekara talatin yawa, ko da an haifi kowane sahu daidai wa daida. Sai kuma halin rayuwa. Matashin da ya gama Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi bautar ƙasa, ya dawo yana jan Keke Napep tsakanin Kwangila da Samaru, ba a ƙirga shi cikin manema, domin kafin ya kama ɗaki da falo, ya haɗa akwatunan lefe, ya biya sadaki da kuɗin gaisuwa, shekaru sun ja. Yawan saki ma yana mayar da mata cikin layi a matsayin zawarawa.

A nan ne zaɓi ke karkacewa. 'Yan tsirarun da ke da albashi ko jari sun ga ana rububinsu, sai jerin buƙatunsu ya tsawaita: fara, mai ƙarancin shekaru, kuma ma'aikaciyar jinya ko malamar makaranta da za ta tallafa da cefane. Ita kuwa yarinya, da ta ce tana son ta san halin mutum, sai gwaggo ta ce mata, “Ke 'yar nan, wa ke zaɓe a wannan zamani?” Abin da ya fi damuna ke nan, domin tsoron rasa miji yana sa iyaye su sassauta bincike kan tarbiyya da sana'a da lafiyar manemi, kuma auren da aka ɗaura cikin fargaba shi ne ya fi saurin mutuwa.

Kano ta ba mu abin dubawa. Tun da Hukumar Hisba ta fara auren zawarawa a 2012, duk lokacin da gwamnati ta ɗauki nauyin sadaki da kayan ɗaki, maza sukan fito neman shiga, kuma a 2023 an ɗaura aure 1,800 a karo guda. Mazan suna nan, tsada ce ta ɓoye su. Ina ganin Masarautar Zazzau da limaman Juma'a da masu unguwanni za su iya zama su ƙayyade lefe da bidi'o'in biki, su kuma roƙi masu wa'azi su daina yaɗa alƙaluman rinjayen mata da babu ƙidayar da ta tabbatar da su.