Idan nas ta ce a dakata, a dakata

A watan Maris na 2005, a Ingila, aka shiga da wata mata mai shekara 37 ɗakin tiyata domin ɗan aikin hanci. Da ƙafarta ta zo. Aka yi mata allurar barci, sai bututun numfashi ya ƙi shiga maƙogwaro. Manyan likitoci uku, kowa ya ga jiya ya ga yau, suka duƙufa suna ta gwadawa, iskar oksijin kuwa tana ta raguwa a jininta. Nas-nas sun ga inda aka dosa. Ɗaya ta ɗauko kayan huda maƙogwaro ta ajiye, wata ta je ta kama gado a ɗakin kulawa ta musamman. Babu wanda ya bi ta kansu, su ma ba su iya ɗaga murya ba. Bayan kwana 13 matar ta rasu. Mijinta, Martin Bromiley, matuƙin jirgin sama ne, kuma bai nemi a kori kowa ba. Cewa ya yi a bincika kamar yadda ake binciken hatsarin jirgi.

Kayan aiki ba su rasa ba, ilimi ma haka. Baki aka rasa.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, a wajenmu wannan shirun tarbiyya muke kiransa. Yaro ba ya gyara wa babba, "ranka ya daɗe" ce amsar komai. A zaure wannan ado ne. A gefen gadon wanda inji ke yi wa numfashi kuwa, yana iya zama ajali. In kuma kuskure ya faru, sai a rufe da "kwanansa ne ya ƙare", ko a nemo ƙaramin ma'aikaci a ɗora masa. Wanda ya ga an yi wa ɗan'uwansa haka, gobe ko ya ɗebi maganin da ba shi ba ne a sirinji, ba zai faɗa ba.

An gwada akasin haka, ya kuma yi aiki. A jihar Michigan ta Amurka, ɗakunan kulawa ta musamman 103 sun bi tsarin Dakta Peter Pronovost na matakai 5 wajen sa bututu a babbar jijiya, har da wanke hannu. Sirrin ba takardar matakan ba ce, ikon da aka ba nas ne ta tsayar da likita idan ya tsallake mataki. Cutar da ke shiga jini ta bututun ta ragu da kusan kashi 66 cikin 100.

Na san za a ce namu asibitocin wuta ma gagararsu take yi, likitocin barci kuma sun yi ƙaranci. Gaskiya ne. Amma binciken da aka wallafa a 2018 kan marasa lafiya 11,422 a ƙasashen Afirka 25 ya nuna haɗarin mutuwa bayan tiyata ya ninka na sauran duniya, kuma yawanci a kwanakin jinya ake rasa su, lokacin da sau da yawa nas ce kaɗai a kansu.

Saboda haka daga shugaban sashe gyaran zai fara. A taron safe ya fara faɗin nasa kuskuren kafin ya tambayi na wani. Kafin allurar barci ya dubi ƙaramar nas ya kira sunanta, ya ce, "Sista, in kin ga wani abu, ki tsayar da ni."