Takardar ƙidaya ba wahayi ba ce

To, wanda ya shigo jiya da hoton shafin ƙidaya yana cewa gwaggonsa ta daɗe tana yi wa dangi ƙarya, sannu da aiki. Kwana biyu ka yi kana tono a intanet, shi ke nan ka zama shehin tarihi, tsohuwar da ta yi jinyar kakarku har ta cika kuma ta zama maƙaryaciya, don kawai shekarun kakar da ta faɗa sun saɓa da na takarda da shekara uku. Madalla.

Wa kake tsammani ya rubuta shafin nan? Ma'aikaci ne da ya wuni yana bin gida-gida a ƙafa, wanda ya tarar a ƙofa shi yake tambaya. In matar gida ce ita, in yaro ne shi, in babu kowa maƙwabci ya amsa. Abin da kunnensa ya ji shi ya rubuta, da harafin da ya ga dama. Bayan shekara ɗari wani ya zo ya karanta wannan jagwalgwalon rubutun ya shigar a kwamfuta, shi ma ya ƙara nasa kuskuren. Sunan da ka gani ya bi ta hannu biyu ko uku kafin ya iso wayarka.

A ƙidayar Ingila ta 1841, umarni aka ba ma'aikata cewa duk wanda ya haura 15 a rage masa shekaru zuwa biyar-biyar. Mai 29 a rubuta 25, mai 44 a rubuta 40. Da gangan, da sanin hukuma. Ko ba umarni ma, masana ƙidaya sun daɗe da lura cewa mutane suna cunkusuwa a shekarun da suka ƙare da sifili ko biyar, har ma'auni suka ƙirƙiro don gane yawan hakan. Takarda ba wahayi ba ce, malam.

Na san za ka ce ai gwamnati ce ta rubuta. Gwamnatin da ta ajiye ƙidayar Amurka ta 1890 a ƙasan ginin ma'aikatar kasuwanci a Washington, gobara ta tashi a 1921, wuta da ruwan kashe ta suka lalata ta? Ko wadda ƙidayar Ingila da Wales ta 1931 ta ƙone ƙurmus a hannunta a 1942, ta 1941 kuwa yaƙi ya hana a yi? Ka bar wannan zancen.

Bari in daina zolaya. A 1850 da 1860, bayin da ke Amurka ba a rubuta su da sunayensu ba. Sunan ubangida ne a sama, a ƙasa sai shekaru, namiji ko mace, da launin fata. Kusan mutum miliyan 4 ne a 1860. Sai a 1870, bayan 'yanci, aka fara rubuta yawancinsu da suna. Jikokinsu in sun bi takarda sun kai wannan shekarar, bango suke tararwa, abin da ya rage musu sai bakin tsofaffi irin gwaggon da ka ƙaryata a gaban jama'a.

Ban ce takardun ba su da amfani ba. A shafin da ka saka ɗin, na ƙidayar Amurka ta 1900, akwai gurbin da ake tambayar mace 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ke raye. Na kakar taku an rubuta 9, an rubuta 4. Ka duba wurin kuwa? Yara biyar da wataƙila babu wanda ya taɓa gaya maka sunansu, kai kuma hankalinka na kan ratar shekara uku. Gwaggon ce kaɗai za ta iya sanin sunayen, in har za ta sake ɗaga wayarka.

Af, masu cika mini akwatin saƙo da tambayar ƙidayar Amurka ta 1960, dokarsu shekara 72 ake jira kafin a buɗe sunaye. Ta 1950 a Afrilun 2022 ta fito, wannan kuwa sai 2032 in da rai. Ku ƙyale ni in yi barci.