Bature na son araha, amma kada ka faɗa masa

A nan Landan, idan ka ga riga a jikin mutum ka ce masa "cheap" ce, to ka zage shi. Araha kalmar take nufi, amma tana tafe da raini: kaya marar ƙarko, aikin ha'inci. A bakin Amurkawa ma marowaci ake kira da ita. Shi ya sa manyan kantuna suka fi son rubuta "value" ko "affordable" a jikin kaya, alhali kowa ya san araha ya zo nema.

Asalinta kuwa babu ko ɗigon raini. A tsohon Turanci "ceap" ciniki ne, ko kasuwar kanta, kuma masana na danganta ta da "caupo" ta Latin, wato ɗan tireda ko mai masauki. Wanda ya yi sayayya mai kyau sai ya ce ya samu "good cheap". Wajen ƙarni na 16 aka yar da rabin farko, ragowar ta zama araha. Titin Cheapside da ke kusa da majami'ar St Paul shi ne babbar kasuwar birnin a da, har yau layukan gefensa na amsa sunan burodi, madara da zuma, kamar yadda Kurmi take da 'yan dukawa da 'yan turare. Yanzu ofisoshi da kantuna masu bangon gilashi ne a wurin.

Ni a ganina, ranar da suka daina tayi kalmar ta lalace. Mu ma muna cewa araha ba ta ado, ba wai ba mu san kayan banza ba. Amma a Kantin Kwari araha ba a rubuce take ba, nemanta ake yi. Ka taya, a ce albarka, ka yi kamar za ka wuce, a kira ka, a sallama. In ka dawo gida har tambayarka za a yi nawa ka saya, ka faɗa da alfahari, domin iya ciniki ne ya ba ka. A nan kuɗin na manne a jikin kayan, na'ura ce ma ke karɓa a kantuna da yawa. Araharsu ba ta nuna gwanintar kowa, sai dai ta nuna nauyin aljihunka, shi ya sa tambayar farashin abin da mutum ya saka ta zama rashin ɗa'a. Gyara kuwa, kada ma ka roƙa.