Yadda na sallami aji 3B da dannawa ɗaya

Kun dai san aikin Islamiyyar unguwarmu da Kawu ya ɗora mini, na mayar da rijistar makarantar cikin kwamfuta, wanda ladansa sai a lahira. Tebur uku ne kacal a databes ɗin, wato rumbun bayanan: na azuzuwa, na ɗalibai, na kuɗin makaranta. Kowane yaro na ɗauke da lambar ajinsa, kowane rasit na ɗauke da lambar yaron da aka biya wa, na ɗaure su da makullin haɗi don kada a shigar da kuɗin yaron da babu shi. Lokacin gwaji, duk sanda na zo goge ajin bogi da na ƙirƙira, sai MariaDB, injin databes ɗin da ke cikin XAMPP (kunshin manhajojin da nake aiki da shi), ya watso mini jan rubutu mai lamba 1451, wai akwai yara a ƙarƙashinsa. Da ya ishe ni, tsakar dare, na liƙa wa haɗin biyu ON DELETE CASCADE, wato in an goge abu, duk abin da ke ƙarƙashinsa ya bi shi. Ya yi shiru, na kwanta.

Ranar Alhamis bayan la'asar kwamiti ya zauna. An aro majigi, an tada janareta, Kawu ya gabatar da ni da "ɗanmu injiniya". Komai na tafiya sumul. Har Baba Ma'aji, da tun farko ya ce bai ga laifin rijistarsa mai baƙin bango ba, ya ɗan gyara zaman tabarau.

Sai Malam Hedimasta ya ce, "Injiniya, ai mun haɗe 3B da 3A tun farkon zango. Cire mana shi mu gani."

Na ce, "An gama, Malam." Har da murmushi. Na ma tsaya na nannaɗe hannun riga kafin in danna, Allah ne shaida. Kwamfuta ta tambaye ni ko da gaske nake, na ce mata da gaske. Koren rubutu ya fito: layi 1 aka goge. Ashe ba ta ƙirga waɗanda suka bi shi. Ajin ya tafi, yaransa sama da 40 sun bi bayansa, rasit ɗinsu na zango guda ya bi yaran, duk kafin in sauke hannu.

Baba Ma'aji ya ce a nuno masa jikarsa, shi da kansa ya biya mata. Na rubuta sunan, babu. Na sauya harafi, babu. Na buɗe teburin kuɗi, a kan bango fa, kowa na kallo, jimillar ta zube ƙasa warwas. Wani dattijo daga baya ya ce, "To kuɗin ina suka shiga?" Da ni yake. Na ce kuɗin suna nan, rubutunsu ne ya tafi. Ya ce, "Haka ake cewa." Kawu ya cire hula ya leƙa cikinta ya mayar. Ni kuwa zufa ta tsatso mini, ina ta danna maɓallin komawa baya kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka tashi. Abin da ka goge a phpMyAdmin, shafin da nake sarrafa databes ɗin da shi, ya tafi nan take, babu dawowa.

Nan ne wancan yaron, ɗan Gwaggo, da ba wanda ya gayyace shi, ya ɗago daga bakin taga yana ɓare gyaɗa: "Yaya, ai RESTRICT ake bari, shi da ke hana goge ajin da ke da yara. Ko ka fara mayar da yaran zuwa 3A tukuna."

Ni ne yaya. Ni na koya masa buɗe XAMPP a bara, yana tambayata me ya sa Apache, sabar da ke cikinsa, ya ƙi tashi. Zango ɗaya ya yi a kwaleji ya dawo yana yi mini gyara a gaban dattawa, bakinsa cike da gyaɗa. Har ya ƙara da cewa da nau'in teburin MyISAM na sa maimakon InnoDB da yaran suna nan, tunda shi karɓar makullin yake ya yi biris da shi. Gaskiya ce, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Kuma ku tambaye shi filashina. Kwafin databes ɗin kaf yana ciki, ya are shi wai zai buga takarda, da na nema a wajen sai ya ce ya wanke shi ya zuba finafinai. A gaban Kawu ya faɗa, ko kunya. Wannan yaron ko bikin yayarsa ni na yi ta jigilar kujeru yana can yana ɗaukar hoto.

Baba Ma'aji bai ce uffan ba. Rijistar kawai ya jawo daga ƙarƙashin hammata, ya hure mata ƙurar da babu, ya lashi yatsa ya buɗe shafin 3B ya juyo mini da shi.

Yanzu kullum bayan azahar ina ofishinsa ina sake shigar da suna ɗaya bayan ɗaya, don ya ce littafin ba ya fita. Rubutunsa kuma 1 da 7 duk kamarsu ɗaya, in na tambaya sai ya ce ai injin ya fi shi sani. Filashin dai har yau wai yana wajen wani abokinsa a Kurna.