Ga 'Yan Uwana Teloli: Mu Riƙa Lissafin Abin da Ɗinki Ya Ci

'Yan uwa matasa masu ɗinki, musamman waɗanda aka yaye kwanan nan suka buɗe shago, akwai lissafin da yawancinmu ba ma yi. Muna ƙirga kayan da muka ɗinka, amma ba ma ƙirga mai da wuta da yadi da lokacin da suka tafi. Sai ka ga mutum gab da Sallah ba barci, idanu jajur, ya sallami kowa, aljihu kuma wayam.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, janareta ya wuce a tayar da shi a bar shi yana kuka ana hira. Galibin fetur ɗin da yake sha zafi yake komawa, kaɗan ne ke zama wuta. To, don ƙwai ɗaya da cajin waya za ka tayar da shi? Haba malam! Tara ayyukan da ke buƙatar wuta ka yi su a tashi ɗaya. Dutsen guga na lantarki yana jan wat 1,000 ko fiye, kuma duk lokacin da ka bar shi ya huce, sai ka sake biyan kuɗin ɗumama shi. Tsohon ƙwan nan mai wat 60 ma, kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsa zafi ne, alhali na LED mai wat 9 zai haska maka keke kamar yadda wancan yake yi.

Ni a ganina, ɓarnar da ta fi ciwo a teburin yanka take. Kafin almakashi ya taɓa shaddar mutane, shimfiɗa ta, ka zana jiki da hannu da wando da aljihu da alli, ka ga inda kowanne zai zauna. Mai yanka da ka shi ne yake tara ƙyallaye a ƙarƙashin tebur, sannan ya ce wa mai kaya yadi bai isa ba. Kayan da zarensu ɗaya ne kuma, haɗa su ka ɗinka a jere.

Kada a ɗauka gaggawa nake nufi. Sauri ya haifi nawa: wanda ya gama riga cikin awa ɗaya, gobe aka dawo da ita ya farke wuya, aiki biyu ya yi da kuɗin ɗaya. Awon da kake cewa ka riƙe a ka, rubuta shi a littafi tare da ranar karɓa. In littafin ya nuna kwanakin sun cika, ka ba mai kawo sabon ɗinki haƙuri tun kafin ya ajiye ledarsa.