A rubuta mutum sau ɗaya mana, don Allah

Jama'a akwai abin da ya daɗe yana cina a rai, yau dai sai na faɗa. Ina cikin samarin da ke taimakawa a takiyyar unguwarmu nan Gadarif a Sudan, girkin sadaka da muke wa nazihin, waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu tun 15 ga Afrilun 2023. Da birnin Madani ya faɗi a Disamban shekarar makarantu suka cika maƙil, wasu a aji wasu a baranda, wasu kuma a tasha kan kwali.

Akwai wata inna da ke zuwa karɓar fate-fate wajenmu, ta kusa sa'ar mahaifiyata. Rannan ta kwance bakin zaninta ta fito da wata leda, kati huɗu a ciki, kowanne daga ƙungiya daban. Ta ce min ɗana, duk wanda ya zo da littafinsa sai ya tambaye ni ina maigidan, ni kuma sai na sake ba da labarin yadda muka baro shi a hanya, na gaji da faɗa. Wallahi kasa haɗa ido na yi da ita. Kuma duk da katin huɗun nan, ranar da ciwon sukarinta ya tashi muka kai ta wajen masu magani babu wanda ya san wane ƙwaya take sha, daga farko aka sake tambaya tana nishi.

To meye amfanin rubutun? Wani ya iya bin layi sunansa na wuri uku, wani dattijo kuma yana kwance a tasha ba ya littafin kowa saboda ƙafa ba ta kai shi inda ake rajista.

Ni ra'ayina a yi rajista ɗaya, lamba ɗaya, mai raba abinci da mai magani da mai neman wa mutane wurin kwana duk su duba wuri guda. Mai raƙam waɗani, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, a yi amfani da shi, wanda ya gudo ba takarda, kuma suna da yawa, a ba shi wata lambar kar a kore shi. Ƙasar da mai shayi ke karɓar kuɗi ta Bankak, manhajar banki a waya, ai wannan ba zai gagare ta ba. Diwanin Zakka, ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya WFP (ta abinci) da IOM (ta ƙaura), 'yan takiyya irinmu, kowa na da ɗan abin da ya sani, a haɗa mana.

Amma fa da sharaɗi, kuma nan ne na fi damuwa. Kar a rubuta ƙabila. Mu Hausawa ba mu manta rikicin ƙabilancin da ya faru a jihar Nilul Azraƙ a 2022 ba, mun san takardar sunaye in ta faɗa mugun hannu abin da take jawowa. Suna, yawan yara, ciwo, inda mutum ke kwana, shikenan, kuma a tambaye shi ya yarda kafin a miƙa wa wani, mai rabon gari ba ruwansa da sirrin ciwon mace.

Mu dai mun fara da ɗan namu, Juma'ar nan bayan la'asar za mu zauna da takiyyoyi biyu na maƙwabta mu haɗa littattafanmu, sannan mu leƙa tasha da biro. Wanda ke Gadarif kuma ya iya shigar da sunaye a waya ya min magana, muna buƙatar mutum biyu.