Kafin a zagi ma'aikacin ƙaramar hukuma

An sake dawo da wasan nan da muka gaji da gani. Babban jami'i ya dira sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙarfe takwas na safe, ya sa a garƙame ƙofa, masu kyamara na biye da shi suna ɗaukar kujerun da babu kowa a kai. Kafin la'asar Facebook ya cika da zagi, wai ma'aikatan ƙananan hukumomi cima-zaune ne, ba a ganin ƙeyarsu sai ƙarshen wata.

To, in sun zo, aikin me za su yi?

Kwanakin baya na je karɓo wa ƙanena takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Dattijon da na tarar, wanda ya haura shekara ashirin yana aiki, ya ce min, "Ɗana, tsallaka titi ka biya a buga maka, ka kawo in sa hatimi. Mu nan ko biro da kuɗinmu muke saye." Babu wuta, janareta ya daɗe da mutuwa. Abokan aikinsa kuwa suna ƙarƙashin darbejiya, sun sa hannu a rajista suna jiran azahar.

Masu zagin sun san inda gizo ke saƙa, kawar da kai kawai suke yi. Tun gyaran fuskar 1976 aka ce ƙaramar hukuma mataki na uku ce na gwamnati, amma asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi da tsarin mulkin 1999 ya tanada ya miƙa wa gwamnoni wuƙa da nama. Su ke ba da kwangilar rijiyar burtsatse da gyaran aji daga babban birnin jiha, injiniyan ƙaramar hukuma sai dai ya ga allon aiki an kafa a garinsu. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ta yi murna, sai ga shi an shiga jan ƙafa da 'yan dabaru.

Batun albashi ma haka. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, amma ko a Abuja, a gaban idon shugaban ƙasa, sai da malaman firamare suka shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan wannan haƙƙin. Ina ga mai aikin allurar rigakafi a ƙauyen da ba ya cikin taswirar kowa?

Za a ce akwai ma'aikatan bogi. Akwai su mana, amma ba masinja ne ya cusa sunayensu a takardar albashi ba.

A sakar wa ƙananan hukumomi kuɗinsu, a mayar musu da aikinsu, a biya ƙarin girman da ya maƙale. Daga nan duk wanda ya ga dama ya zo da kwaɗonsa ya rufe ƙofa da ƙarfe takwas.